Tururi Ko Farin Hayaƙi Daga Salansa: Yadda Manomi Zai Gane Lafiyar Injinsa

Gabatarwa

Aikin gona a ƙasar Potiskum da maƙwabtanta, wato Fika, Nangere da Fune, ya dogara ƙwarai da injina. Tarakta ce ke gyara ƙasa a farkon damina. Motar a-kori-kura ce ke kwaso gero, dawa, wake da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa kasuwar hatsi a lokacin kaka. Manyan motoci kuma su ne ke ɗaukar shanu daga kara, a kasuwar ranar Laraba, zuwa kudancin ƙasar nan. Idan ɗaya daga cikin waɗannan injina ya buga a tsakiyar aiki, asarar takan wuce kuɗin gyara. Shuka kan makara, amfani kan rasa kasuwa, dabbobi kuma su galabaita a bakin hanya.

Inji ba ya lalacewa ba tare da ya ba da alama ba. Ɗaya daga cikin alamomin da ke saurin bayyana ita ce tururi ko farin hayaƙi daga salansa, wato bututun da ke fitar da hayaƙin inji. Wani tururin ba shi da wata illa, wani kuwa sanarwa ce cewa ruwa yana shiga inda bai kamata ya shiga ba. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa manomi da direba yadda za su bambanta su da ido, da hanci, da hannu, kafin a ɗora kaya ko a shiga gona.

Daga Ina Ruwa Ke Zuwa Cikin Salansa?

Hanyoyi uku ne ruwa ke bi ya isa salansa.

Hanya ta farko ita ce man da inji ke ƙonawa. Fetur da man gas suna ɗauke da wani sinadari da ke haɗuwa da iska a lokacin ƙonewa ya zama ruwa. Kowace lita ɗaya ta mai da ta ƙone takan samar da kusan lita ɗaya ta ruwa. Wannan ruwa yana fita a matsayin tururi mai zafi wanda ido ba ya gani, kuma kowane inji mai lafiya yana fitar da shi.

Hanya ta biyu ita ce daga waje. Ruwan sama kan shiga salansar tarakta da ke tsaye tana kallon sama. Haka kuma ruwa kan cakuɗa da mai a cikin duro ko jarka.

Hanya ta uku ita ce daga lagireto, wato ruwan da ke zagayawa yana sanyaya inji. Wannan ita ce mai haɗari, kuma ita ce za a fi mai da hankali a kanta.

Tururin da Ba Shi da Illa

A lokacin hunturu, musamman a watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba a Potiskum kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin salshiyas. Ƙarfen salansa ya kwana cikin wannan sanyi. Da an tayar da inji, sai tururin da ke fitowa ya gamu da ƙarfe mai sanyi da iska mai sanyi, ya koma ƙananan ɗigon ruwa da ido ke iya gani. Daidai yake da farin hucin da ke fita daga bakin mutum da sanyin safiya.

Ana gane wannan tururi da abubuwa huɗu:

1. Siriri ne, ba shi da kauri.
2. Yana ɓacewa a iska nan da nan, ba ya tafiya nesa da bakin salansa.
3. Ba shi da wani wari daban da na hayaƙin da aka saba ji.
4. Yana dainawa da zarar inji ya yi zafi, galibi cikin minti 10 zuwa 15.

Wani lokaci har ruwa mai haske kan riƙa ɗiga daga bakin salansa. Wannan ma ba abin damuwa ba ne matuƙar ruwan lagireto bai ragu ba. Motar da ke yin gajerun tafiye-tafiye a cikin gari ta fi yin haka, domin salansarta ba ta samun zafin da zai busar da ruwan da ya taru a ciki. Kada manomi ya yarda a kwance masa inji saboda irin wannan tururi.

Tururin da ke Nuna Lalacewa

Domin a fahimci wannan, ya kamata a san yadda inji yake. Inji yana da manyan sassa biyu. Akwai gangar jiki, wadda makanikai ke kira bulok, inda fistin ke hawa da sauka a cikin silinda. Akwai kuma kan inji, wato tof-silinda, da ke rufe saman. A tsakaninsu akwai wani siririn faifai da ake kira gaskit. Aikin gaskit shi ne raba hanyoyi uku da ke maƙwabtaka da juna: ɗakin da mai ke ƙonewa, hanyar ruwa, da hanyar baƙin mai. Kowanne yana da tasa hanya, kuma ba a son su haɗu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan gaskit ya ƙone, ko tof-silinda ya lanƙwasa ko ya tsage, ruwa kan tsiyaya cikin silinda. Zafin wuta sai ya mayar da shi tururi, ya fita ta salansa. A wasu injinan tarakta da manyan motoci, ruwa yana taɓa bayan hannun rigar silinda kai tsaye, wato abin da ake kira silib. Tsatsa da girgizar inji kan huda wannan silib, su yi masa ƙananan ramuka kamar na allura, ruwa ya riƙa bi ta nan. A sababbin motocin gas kuma akwai wata na'ura da ke sanyaya wani ɓangare na hayaƙi da ruwan lagireto kafin a mayar da shi cikin inji. Idan ta tsage, ita ma takan tura ruwa zuwa salansa ko da gaskit yana lafiya.

Babban abin da ke jawo ƙonewar gaskit shi ne zafin inji da ya wuce kima. A yankinmu, zafin bazara na watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka kan toshe fuskar lagireto. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri kan bar farin dutse a cikin hanyoyin ruwa, kamar yadda yake yi a gindin butar shayi. Idan aka haɗa waɗannan da lodin da ya fi ƙarfin mota, da fanbel da ya saki, inji zai tafasa. Tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa tof-silinda, musamman na ƙananan motoci wanda aka yi da sanholo.

Alamomin wannan tururi su ne:

1. Fari ne fat, mai kauri kamar gajimare.
2. Ba ya dainawa bayan inji ya yi zafi, yakan ma ƙaru idan aka taka totur.
3. Yana fita ko da tsakar rana ne a lokacin zafi.
4. Ruwan lagireto yana raguwa kullum, alhali ba a ga inda yake zuba a ƙasa ba.
5. Inji yana rawa ko yana tsallake da safe, sannan ya daidaita bayan ɗan lokaci.
6. Allurar zafi tana hawa sama da inda ta saba tsayawa.

Littattafan gyaran mota sukan ce wannan tururi yana da ƙanshi mai zaƙi-zaƙi. Gaskiya ne, amma sai ga injin da aka zuba wa ruwan sanyaya inji na kanti, mai launin kore ko ja. Yawancin motocin ƙauyukanmu ruwa zalla ake zuba musu, don haka rashin wannan ƙanshi ba ya nuna cewa inji yana lafiya.

Farin Hayaƙin da Ba Ruwa Ba Ne

Injin gas, irin na tarakta da manyan motoci, ba ya amfani da fulogi wajen kunna wuta. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sannan nozil ya fesa mai ya kama da kansa. Idan zafin bai kai ba, man ba zai ƙone ba, sai ya fita a matsayin farin hazo. Da ido yana kama da tururi, amma yana warin ɗanyen gas, yana yaji a ido, kuma yana daɗewa yana yawo a iska.

Idan wannan hayaƙi na minti ɗaya ko biyu ne da sanyin safiya, ba laifi. Idan ya ci gaba, a duba waɗannan: hitar da ke ɗumama silinda kafin tashi ta mutu, nozil yana ɗiga maimakon feshi, saitin famfon mai ya goce, ringi sun cinye har matsi ya ragu, ko kuma akwai ruwa a cikin mai.

A motar fetur, man birki kan iya tsiyaya daga babban famfon birki zuwa cikin tukunyar iska da ke bayansa, inji ya zuƙe shi ya ƙona. Wannan ma farin hayaƙi yake bayarwa. Alamarsa ita ce man birki yana raguwa ba a ga yoyo a ƙafafun mota ba. Wannan matsala ce ta rai, a gyara ta kafin mota ta hau hanya.

Sauran launuka biyu kuwa ba su da wuyar ganewa. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma sau da yawa matatar iska ce ƙura ta toshe.

Matakan Bincike da Manomi Zai Iya Yi da Kansa

A yi wannan bincike da safe, inji yana sanyi, a fili inda iska ke kaɗawa, mota tana tsaye a wuri mai daidai.

Mataki na 1. A buɗe murfin lagireto a duba ruwa. A cika shi, a yi alama a jikin robar ajiyar ruwa idan akwai. A lura ko akwai maiƙo ko wani abu mai kama da kunu yana yawo a saman ruwan.

Mataki na 2. A zaro gejin baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Baƙin mai mai lafiya baƙi ne ko ruwan zuma. Idan ya koma launin shayi mai madara, ko ya haura alamar cika alhali ba a ƙara ba, ruwa ya shiga cikinsa. A duba cikin murfin da ake zuba baƙin mai. Ɗan farin maiƙo kaɗan a murfi kaɗai na iya zama raɓa ce ta gajerun tafiye-tafiye. Geji shi ne shaida mafi ƙarfi. Sai dai a sani cewa gaskit kan ƙone tsakanin silinda da hanyar ruwa kawai, baƙin mai ya zauna garau.

Mataki na 3. A bar murfin lagireto a buɗe, a tayar da inji, a tsaya daga gefe a kalli ruwan. Idan kumfa tana tasowa a jere ba yankewa, ko ruwan yana tsalle yana fitowa tun inji bai yi zafi ba, hayaƙin silinda ne ke kutsawa cikin ruwa. Daga nan a rufe murfin.

Mataki na 4. A matsa babban tiyon da ke saman lagireto da hannu a cikin mintuna biyu na farko, ana kiyaye fanka da fanbel. Ya kamata ya kasance da laushi. Idan ya yi tauri kamar tayar keke tun ruwa bai ɗumama ba, wannan ma shaida ce ta hayaƙi a cikin ruwa.

Mataki na 5. A kara gutsuren gilashi ko farantin ƙarfe mai sanyi kusa da bakin salansa na ɗan lokaci kaɗan, sannan a duba abin da ya taru. Ruwa mai haske da ke bushewa raɓa ce ko ruwan lagireto. Danshi mai maiƙo da warin gas ɗanyen mai ne. Danshi mai santsi da launin kore ko ja ruwan sanyaya inji ne. Kada a ɗanɗana.

Mataki na 6. A bar inji ya yi aiki minti 15, ko a ɗan zagaya da motar. Idan tururi ya ɗauke, allurar zafi tana wurinta, to raɓa ce. Idan yana nan, a kashe inji.

Mataki na 7. Washegari da safe a sake duba ruwa a gwada da alamar jiya. Ruwan da ke raguwa ba tare da yoyo a tiyo, lagireto ko famfon ruwa ba, cikin inji yake tafiya.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Amma idan tururi ya ƙi dainawa, ruwa yana raguwa, kumfa kuma tana tasowa, babu sauran shakka.

Abin da Za a Nema Makanike Ya Auna

Kafin a amince a buɗe inji, a nemi makanike ya tabbatar da matsalar ta hanyar awo. A motar fetur zai kwance fulogi ya jera su. Fulogin silindar da ruwa ke shiga yakan fita fes, kamar an wanke shi, sauran kuwa suna da tokarsu. Zai iya auna matsin kowace silinda da agogon matsi. Idan silinda biyu maƙwabta suka yi ƙasa tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Akwai famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura iska, a ga ko matsin zai sauka. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ake zuƙo iskar lagireto ta cikinsa. Idan akwai hayaƙi a ciki, yakan koma rawaya a injin fetur, ko kore a injin gas.

Idan an buɗe, a sa a gwada fuskar tof-silinda da miƙaƙƙen ƙarfe, a kuma duba tsagewa. Sabon gaskit a kan lanƙwasasshen tof-silinda ba ya daɗewa. A kai shi a goge fuskar idan bai wuce iyaka ba. A ɗaure kusoshinsa bisa jeri da ƙarfin da kamfanin injin ya ƙayyade, da sifana mai awo. Bayan gyara a canza baƙin mai da matatarsa. Abu mafi muhimmanci, a gano abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko a gyara shi, in ba haka ba za a sake komawa gidan jiya.

Injin Ban-Ruwa da Injin Niƙa

Ƙananan injinan ban-ruwa masu amfani da fetur, waɗanda masu noman rani ke kai wa fadama, iska ce ke sanyaya su. Ba su da lagireto, don haka farin hayaƙinsu ba na ruwan sanyaya inji ba ne. Yawanci baƙin mai ne ya kwarara cikin silinda ko salansa saboda an kwantar da injin a gefe wajen ɗauko shi a kan babur, ko an cika baƙin mai ya wuce alama, ko an ajiye shi a karkace a bakin ruwa. A daidaita shi, a rage man, a duba matatar iska, a bar shi ya yi aiki na ƴan mintuna.

Injin niƙa ko na sussuka mai silinda ɗaya, wanda ke da tukunyar ruwa a kansa ko duro a gefensa, yakan fitar da tururi daga bakin tukunyar. Haka aka ƙera shi. Abin lura shi ne tururi daga salansa, ko kumfa mai tasowa a tukunya daidai da bugun inji. Kada a bar tukunyar ta ƙafe.

Idan Abin Ya Faru a Kan Hanya

Idan farin tururi mai kauri ya ɓarke ana cikin tafiya, ko allurar zafi ta shiga ja, a sauka gefen hanya a kashe inji. Kada a ce bari a lallaɓa zuwa Damaturu ko Azare. Tsakanin Potiskum da Damaturu kimanin kilomita 100 ne, kuma injin da ruwansa ya ƙare ba ya buƙatar rabin wannan kafin ya buga. Kuɗin jan mota bai kai kuɗin sabon inji ba.

Idan inji ya kwana sannan ya ƙi juyawa da safe, ya yi ƙara ɗaya ya cije, kada a tura motar don a tayar da ita da giya. Wataƙila ruwa ne ya cika silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma tilasta masa kan lanƙwasa sandar fistin ko ya fasa bulok.

Gargaɗi

1. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Murfin yana riƙe matsi ne domin ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da an buɗe, sai ya yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30, a rufa tsumma mai kauri, a murɗa a hankali.
2. Kada a kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, domin yana tsaga ƙarfe.
3. Kada a tayar da inji a cikin ɗaki ko shago a rufe. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba marar wari, wadda ke kisa.
4. Ruwan sanyaya inji na kanti guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙinsa kan jawo yara, awaki da karnuka. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, turke ko kwamin shayar da dabbobi.

Rigakafi

1. A duba ruwa da baƙin mai kowace safiya kafin a tayar da inji.
2. A yi amfani da ruwan sanyaya inji na kanti bisa umarnin da ke jikin galan, domin yana hana tsatsa. Idan babu, a zuba ruwan sama da aka tace. A guji ruwan kududdufi da ruwa mai kanwa.
3. A share fuskar lagireto daga ƙura da ƙaiƙayi. A lokacin sussuka a yi haka kullum.
4. A duba fanbel, tiyo da robar murfin lagireto a kai a kai.
5. Kada a cire tamostat, wato ƴar na'urar da ke buɗe hanyar ruwa idan zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. Cire ta ba ya maganin toshewar lagireto, kuma yana sa inji ya daɗe bai ɗumama ba. Idan ta lalace a sayi sabuwa.
6. Kada a zuba ƙwai, garin barkono ko sabulu a lagireto don toshe yoyo. Suna toshe ƙananan hanyoyin ruwa.
7. A gyara allurar zafi idan ta mutu, domin ita ce idon direba.
8. A rufe bakin salansar tarakta da gwangwani idan an ajiye ta a waje da damina.
9. A cika tankin gas da yamma bayan aiki don rage raɓa a cikinsa, a kuma riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matatar mai.
10. A guji lodin da ya wuce ƙarfin mota, musamman da tsakar ranar bazara.

Kammalawa

Tururin da ya ɗauke bayan inji ya yi zafi raɓa ce, a ci gaba da aiki. Wanda ya ƙi ɗaukewa, ruwan lagireto kuma yana raguwa, a kashe inji a nemi makanike. Wanda ke warin gas yana yaji a ido, a duba nozil, hita da tsabtar mai. Binciken minti 15 da safe ya isa ya bambanta su, kuma ya fi sauƙi a yi shi a ƙofar gida kafin a ɗora buhuna ko dabbobi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ana shawartar ƙungiyoyin manoma da ke da tarakta ko mota ta haɗin gwiwa su ajiye ɗan littafi, direba ya riƙa rubuta ranar da ya ƙara ruwa da yawan abin da ya ƙara. Wannan rubutu kan tona matsala tun kafin tururi ya bayyana. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko sashen injiniyoyi na hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Yobe.